Sai An Sayar Da Gidan

Kafinta Wilfrido Pincay bai kai rabin matakalar gidan Doña Teodomira ba ƙafarsa ta burma cikin ruɓaɓɓen katako har ƙauri. Tef ɗin awonsa ya gangara cikin yashi, fensirin da ke maƙale a kunnensa ya bi baya. Yana ƙoƙarin zaro ƙafar ya ji ana dariya a samansa.

Budurwa ce tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Hayaƙi ya sa idanunta sun kaɗa, gashinta ɗaure da tsohon ɗankwali, amma dariyar nan ta hana shi ganin komai sai ita.

"Maestro, kicin aka kira ka ka duba," ta ce. "Me matakalar ta yi maka?"

"Ita ta fara. Haka kuke tarbar baƙi a gidan nan?"

"Masu saye kawai. Shi ya sa har yau muna nan."

Da wasa ta faɗa, amma ya ji yadda muryar ta sauka a ƙarshe, ya san ba duka ne wasa ba.

Duk garinmu Punta Garza mun san Nereida Anchundia, autar Doña Teodomira, mun kuma san yadda aka yi ta maƙale. Tana da shekara ashirin ta sami gurbin karatun jinya a birnin Portoviejo, har an saya mata farin takalmi. A makon da za ta tafi gwiwoyin uwar suka ƙi, ta daina iya sauka daga gidan, wanda ke kan dogayen ginshiƙai kamar sauran gidajenmu na bakin teku. Yayanta Kléber ya bugo daga Sifen ya ce abin ai mai sauƙi ne: a sayar da gidan, a saya wa Mami ƙaramin gida na ƙasa kusa da asibiti, Nereida ta wuce makarantarta. Wata shida kawai za ta jira.

Shekara bakwai ke nan. Allon "Na Sayarwa" sau uku ana sake masa fenti, gishirin iska yana cinyewa. Ita kuwa iyakarta kasuwar kifi da kantin magani, ta dawo da gudu kafin uwar ta nemi a kai ta bayan gida. Daga baranda take kallon motar Portoviejo tana wucewa sau huɗu a rana, har ta san kowane direba da irin hon ɗinsa.

Masu saye ba a rasa su ba. Mutanen Quito masu neman gidan hutu, da tsofaffin turawa masu jan wuya. Su tsaya a baranda su ga teku, su yi ta yabo. Sai a shiga kicin.

Kicin ɗin yana can baya, ya juya wa teku ƙeya kamar yadda kakanninmu ke ginawa, ko taga babu ta wannan ɓangaren. A tsakiyarsa murhun kakar Nereida ne, akwatin katako cike da yumɓu da toka, an binne tukwanen ƙasa biyu a ciki. Bangon ya yi baƙi ƙirin. Kuma abin haushi, ranar zuwan baƙi ce kullum Doña Teodomira ke tashi da kwaɗayin soyayyen kifi. Matar mai saye ta yi tari, ta mintsini mijinta, shi ke nan ciniki ya ƙare.

Dillalin gidan shi ne Fabricio Loor, wanda muke kira Licenciado saboda digirinsa, mai farar mota da turaren da ke riga shi hawa matakala. "Kicin ke sayar da gida, Doña," ya ce. "Mace ce ke zaɓa, kuma kicin take dubawa. A yi shi fari, da kabad, da taga mai kallon teku, kuɗin gidan zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku." A nan ya yi gaskiya, ko da yake ba kullum yake yi ba. Kléber ya amince. Doña Teodomira ta ce to, amma baƙo ba zai taɓa mata kicin ba, a kira ɗan gari. Shi ne aka kira Wilfrido, Wilo a bakinmu, wanda ya tashi a rumfar mahaifinsa inda ake sassaƙa jiragen kamun kifi, kafin ya koma yin kabad.

Ranar ya yi awo Nereida na riƙe masa bakin tef.

"Me kike so a kicin ɗin?" ya tambaya.

"Ni? Ba ni zan zauna ba. Ka tambayi masu saye."

"Ke na gani tsaye a nan. Ke na tambaya."

Nereida ta juya ta kalli baƙin bangon. A shekara bakwai ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take so.

"Ina so in ga waje," ta ce a hankali. "Ko ta ƙaramar kafa ce."

Ya rubuta a littafinsa kamar wani awo ne. Sannan ya je gaban ragar da Doña Teodomira ke kwance ya faɗi sharaɗinsa. Katakon laurel zai sa a saro daga tudu, lokacin da wata ke raguwa kuma teku ya janye, don a lokacin ne itace ba ya riƙe ruwa, ƙwaro ba ya cinsa. Bayan nan ya sha iskar bakin teku wata uku. Ƙarfe kuwa ba zai sa ba, sai turakun katako da tagulla, irin na jirgi.

"Ɗan Pincay ya san aiki," tsohuwar ta ce. "Haka aka saro ginshiƙan gidan nan, ga su har yau."

Nereida na tsaye daga gefe. Watannin take ƙirgawa da yatsu a bayan zanenta.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Barka da asuba, 'Yar hayaƙi. Na auna bangon yamma sau biyu, lamba ɗaya ta fito. Zan dawo in auna na uku don in tabbatar."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Maestro, bangon ba ya girma. Amma akwai miyar kifi da gyaɗa, in ka zo kafin Mami ta cinye."

Ya zo. Ya gyara matakalar ba a sa shi ba. Ya dawo jibi, ya dawo gata, har Doña Teodomira ta fara tambaya ko kicin ɗin nata fada ne da ake ta aunawa. Wata Lahadi ya iso da kati a aljihu, ya ja kujera kusa da ragar tsohuwar.

"Doña, an ce ba a cin ki a kati. Na zo in gani." Ya juya ga Nereida. "Ke kuma je ki. Awa biyu naki ne."

"In je ina?"

"Inda ranki ya so."

Ta sa takalmi ta sauka. Ta tsaya a yashi ta kalli hagu, ta kalli dama. Ƙafarta ta kai ta tashar mota, ta zauna a benci, motar Portoviejo ta zo ta ɗauki mutane ta tafi. Ba ta yi minti arba'in ba ta dawo. A ƙasan matakala ya same ta tana kuka, ta ce masa ta manta yadda ake zuwa wani wuri. Ya zauna gefenta bai ce ta yi haƙuri ba. Tun daga ranar ta san tana sonsa, kuma son ya ba ta tsoro.

Bayan wata biyu ya zo da mahaifinsa, dukansu cikin riga mai guga, da kifin da ya fi kowanne girma a kamun ranar. Doña Teodomira ta karɓi kifin, ta sa aka kira Kléber aka buɗe muryar waya.

"Ba ni da matsala da kai, Pincay," in ji Kléber. "Amma babu aure sai an sayar da gidan. Yau ka aure ta, gobe ka tare a ciki, jibi ka kafa shago a ƙarƙashi, ga yara, wa zai fitar da ku? Na ga yadda aka yi a gidan kawunmu."

"Ñaño, yayana, shekara bakwai fa," Nereida ta ce.

"To ki ce wa kafintan naki ya yi sauri."

Tsohuwar ta gyara kwanciya ta ƙara nata. Ita dai in so samu ne, Licenciado ya fi kwanta mata, mutum mai karatu, mai gidan ƙasa a Manta, kuma ya sha tambayarta ko Nereida na da wani. Mahaifin Wilo ya murza hularsa a hannu, suka sauka.

Da rana Nereida ta aika wa Wilo saƙo: "Ka ji ko, Sarkin jira? Yanzu aurenmu yana hannun katakonka."

Ya amsa: "To ya faɗa hannu mai kyau, hasken idona. Ranar Alhamis zai iso."

Ranar Alhamis motar ta iso, Nereida ta sauko rabin matakala zuciyarta fari ƙal. Wilo ya hau bayan motar, ya shafa kan katako ɗaya, ya sansana, ya danna farce. Ruwa ya tsatso.

"Yaushe aka sare wannan?"

Mai motar ya kau da kai. "Ranar da na sami masu taya ni, maestro. Ni ba na aiki da kallon sama."

"Mayar da shi."

"Wilo!" Nereida ta sauko da gudu. "Katako ne fa! Dube shi, lafiyarsa ƙalau!"

"A sabon wata aka sare shi. Shekara biyu ƙwaro zai mai da shi gari."

"Shekara biyu ai ba ma nan!"

"Akwai wadda za ta kasance a nan."

Ta kalle shi kamar ba ta san shi ba. Sai an jira raguwar wata na gaba, sannan a fara ƙirga wata ukun daga farko. Ta hau sama ta rufe kanta a kicin, ta hura wutar da ba ta buƙata don a ce hayaƙi ne ya sa ta hawaye.

Lodi na biyu ya zo daidai, Wilo ya jera shi a ƙarƙashin gidan, da ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Haka ake yi, katako ya bushe a iskar da zai zauna cikinta, ko yaro a garinmu ya sani. Amma Fabricio da ya zo ya gani sai ya ciro waya ya ɗauki hoto ya tura Sifen. Sannan ya hau ya sami Nereida tana ɓare ayaba.

"Nereidita, ban so in faɗa ba. Masu saye lokacin hutun bikin Carnaval suke zuwa, saura mako bakwai. Kafintan kuwa ya ce wata uku. Lodin farko ya mayar, na biyu ya jibge a ƙarƙashinku. Wanda ke son a sayar da gida, haka yake yi? Ki duba ƙasa da kyau. Shagon ai har ya buɗe."

Da ya tafi ta leƙa ta tsakanin katakan daɓe. Ga katako jere, ga bencin aikinsa, ga hularsa rataye a ƙusa kamar a gidansu. Mutumin da ya gaji ba ya tunani mai kyau, kuma Nereida ta gaji har ƙashi. Kléber ya bugo yana faɗa, ya ce a bar Licenciado ya kawo kicin daga Manta, na kanti, wanda ake haɗawa cikin kwana tara. A karon farko ita da yayanta suka yi baki ɗaya.

Ta rubuta: "Wilfrido, ka zo ka kwashe katakonka daga ƙarƙashin gidanmu. Duk wanda na sani jira yake ce min in yi. Na zaci kai daban ne. In gidan kake so ka fito ka faɗa, kada ka fake da ni."

Amsar ta ɗau lokaci.

"Zan kwashe gobe da safe. Ba gidan nake so ba, ke nake so. Na san kin gaji, ni ma kwanakin nake ƙirgawa. Amma abin da zai ruɓe a hannun wata ba zan iya kafa shi da hannuna ba. Ki gaida Mami."

Ya kwashe. Har hular.

Cikin kwana tara aka gama. Ƙarti huɗu suka sauke murhun kaka suka ajiye inda katakon ya tashi, Doña Teodomira ta juya fuska ga bango. Aka fasa bangon yamma aka sa ƙatuwar taga mai zugewa, aka kafa murhun gas a ƙarƙashinta. Kabad farare tas, da hannaye masu ƙyalli. Gaskiya ya yi kyau. Ranar farko Nereida ta tsaya tana yanka albasa tana kallon jirage na dawowa, abin da ba ta taɓa gani daga nan ba, sai ta ji daɗin ya gauraye da ɗaci, don ta tuna wanda ta fara faɗa wa.

Sai damina ta sauka.

In ta buɗe tagar iska ta kashe wuta, in ta rufe zafi ya dafa ta. Kabad ɗin ashe garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da farar leda. Mako na huɗu murfin da ke ƙarƙashin famfo ya kumbura kamar burodin da ya faɗa ruwa. Ƙarafan da ke riƙe da murafen suka fara zubar da jan hawayen tsatsa. Durowar cokula ta ƙi fitowa sai da gwiwa. Kullum da safe Nereida na goge tsatsar, kafin azahar ta dawo. Ba ta gaya wa kowa ba. Kunya take ji, kuma wayarta shiru.

Ranar Asabar ɗin Carnaval Fabricio ya riga baƙuwar isowa da awa ɗaya. Ya ɗiga mai a ƙarafan, ya bi jan tabon da farin fenti, ya rataya sabon tawul mai zanen kifi a kan murfin da ya kumbura. Ya dire kwanon lemon tsami a kan teburi.

"Wannan da gaske take, Nereidita. Yau za ta sa hannu. Ke dai ki yi murmushi, ni zan yi magana. Bayan nan kuma ni da Mami muna da zance a kanki."

Señora Hortensia Villacís tsohuwar malamar firamare ce daga Ambato, shekara talatin da biyar tana koyarwa, mijinta ya rasu, likita ya ce ta sauko daga tudu saboda zuciyarta. Ƙarama ce, da jaka rungume a ƙirji. Ta hau matakala tana hutawa, ta ga baranda ta yaba, ta shiga kicin ta dafe baki.

"Uwar Yesu! Kullum a mafarkina haka yake. Ina wanke kofi ina kallon ruwa."

Fabricio ya yi ta zuba, ya ce kayan waje ne, sai ta gaji da su. Da ta ce ta yarda, ya sauka da sauri ɗauko takardu a mota. Suka rage su biyu.

"'Yata," matar ta ce, "ni ban san teku ba, a hoto na san shi. Abin da na tara ke nan duka, ba ni da na gyara. Ke ce ke girki a nan. Zai yi ƙarko?"

Nereida ta kalli tawul ɗin. Kalma ɗaya ce. Ta ce e, gobe ta fara haɗa kaya. Can kan titi motar Portoviejo ta danna hon, na direban nan mai dannawa sau biyu. Ta kalli hannayen matar da ke riƙe da jaka, duk jijiya, irin na uwarta.

Ta miƙa hannu ta janye tawul ɗin.

"Mako shida ke nan da kafa shi, Señora. Kafin ƙarshen damina murafen za su faɗo. Fentin nan ɗazu aka shafa, taɓa ki ji. Wutar ma ba ta tsayawa in taga na buɗe."

Matar ta taɓa, ta kalli farin da ya manne a yatsanta, ta daɗe tana kallon Nereida.

"Kin san da na saya."

"Na sani."

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Señora Hortensia ta sauka ta wuce Fabricio da takardunsa ba ta kalle shi ba. Shi kuwa ya hau ya faɗi maganganun da turarensa bai rufe ba, ya ce su nemi wani dillalin, zancen da ya ce yana da shi da Mami ma ya bi iska. Kléber ya turo saƙon murya na minti shida. Nereida ta zauna a daɓen farin kicin ɗin, ta jingina da kabad ɗin da ya kumbura. Ta san ta rufe wa kanta ƙofa da hannunta, kuma ba ta san shekara nawa za a ƙara ba.

"Nereida," uwar ta kira daga raga. "Zo nan."

Ta je ta tsaya.

"Na ji komai. Ke kin faɗa wa baƙuwa gaskiya, ni shekara bakwai ban faɗa wa 'yar cikina ba. Duk ranar da masu saye za su zo, wa ke cewa a soya kifi? Wa ke cewa ki sa itacen da bai bushe ba?"

"Mami..."

"Tsoro nake ji. A gidan nan ina da ke. A can ban san me zan samu ba." Ta share ido da bakin riga. "Je ki wurin ɗan Pincay. Ba zan mutu a awa ɗaya ba."

Rumfar su Wilo tana ƙarshen gaɓa, bayan inda ake shanya koma. Ta same shi sunkuye yana fiƙe turaku. A bayansa, ƙarƙashin tamfol, ga firam ɗin kabad jere, launin zuma, ba ƙusa ko ɗaya. A jikin ginshiƙi ya manna takardar awon kicin ɗinsu.

"Na wa ne waɗannan?" ta tambaya, ko da yake ta gani.

"Na wata mata ne da ta kore ni. Siraran sun bushe, na fara da su. Masu kaurin saura mako shida."

"Ba wanda ya sa ka."

"Ba wanda ya hana ni."

Ta rufe fuska. "Na ce gidan kake so, Wilo. Da hannuna na rubuta."

"Kin rubuta. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma labarin tawul ya riga ki isowa, har masu gyaran koma sun ji." Ya ajiye wuƙar ya matso. "'Yar hayaƙi, yanzu ma ƙamshin hayaƙin babu. Me suka yi miki?"

Ta yi dariya cikin kuka. "Gas suka sa min. Sarkin jira, za ka iya ƙara jira na?"

"Aikina ke nan. Amma wannan karon ki riƙe min tef."

Ranar Lahadi Doña Teodomira ta sa aka kira Sifen, ta karɓi wayar da kanta. "Kléber, saurara. Gidan nan da sunana yake, 'yar nan kuma ni na haife ta. A watan Yuni za a ɗaura auren, ko an sayar ko ba a sayar ba. In kana so a ci gaba da jinyata har sai an sayar, ga tikiti can, zo ka karɓi aikin daga hannunta." Daga can Kléber ya tambaya ranar nawa ga wata.

Wilo ya ɓamɓare farin kicin ɗin cikin yini ɗaya, rabinsa da hannu ya gutsuro. Nasa ya ɗauke shi mako biyar. Ya rage tagar ya sa mata gilashin da ba ya buɗewa, a tsaye daidai idon mai wanke-wanke, ya mayar da wuta bangon gabas inda iska ba ta kai wa, ya yi ƴan kafofi a sama don zafi ya fita. Kabad ɗin ya ɗaga su daga daɓe taƙi guda. Murhun kaka ya hau da shi ya kafa a barandar baya, ƙarƙashin rumfa.

Nereida ce ta nemo lambar Señora Hortensia ta rubuta mata: "Señora, an sake kicin ɗin. Ba na cewa ki saya. Ki zo ki buɗe komai da hannunki." Matar ta zo a ƙarshen Mayu, ta buɗe kowace durowa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin famfo, ta sansana. Ta ce ba za ta sake tambaya ba, ta riga ta san wadda take ciniki da ita. Abin da ta biya bai kai wanda Fabricio ya yi alkawari ba, amma ya fi duk tayin da aka taɓa yi a shekara bakwai, ya kuma isa gidan ƙasa mai ɗaki biyu a Portoviejo, inda Doña Teodomira za ta iya takawa da sanda har bakin ƙofa ta yi gulma da maƙwabta.

An ɗaura auren a cocinmu ranar Asabar ta biyu ta Yuni. Kléber ya zo, ya yi ƙiba, ya fi kowa kuka. Masunta suka kawo kifi har aka rasa inda za a sa, mata suka naɗe shinkafa da kaza a ganyen ayaba tun safe. Makarantar jinya ta karɓi Nereida a zangon Oktoba, za ta zauna aji ɗaya da ƴan shekara sha takwas, ta ce ko a jikinta.

Kafin a fara kiɗa ango da amarya suka durƙusa gaban tsohuwar neman albarka, kamar yadda muke yi. Ta yi wa Wilo alamar gicciye a goshi ta ce ya riƙe mata 'ya da irin haƙurin da yake riƙe aikinsa. Sannan ta kama fuskar Nereida da hannu biyu.

"Na ci miki shekara bakwai, 'yata. Ba ni da inda zan samo su in mayar miki. Ki yafe min."

"Na yafe, Mami."

"To ki tafi. In na kira ki kina aji, kada ki ɗauka. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'yan da za ki iya saki."

Nereida ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, Wilo na riƙe da hannunta, mu kuwa muka ce amin da ƙarfi don kada a ji muryoyinmu na rawa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa gidansu ya zama wanda ake shiga da murna, a fita lokacin da aka so.